Yadda Ake Kwafe Tsofaffin Kaset-Kaset na Kyamarar Bidiyo Zuwa Kwamfuta

A gidaje da dama akwai wata jaka ko kwali da aka tura ƙarƙashin gado ko aka ɗora a saman durowa, cike da kaset-kaset ɗin da aka ɗauka da kyamara daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar shekarun 2000: ɗaurin aure da kamu, bikin suna, walimar saukar Alƙur'ani, tarbar alhazai, hawan sallah. Masu su sukan ɗauka cewa tunda kaset ɗin yana nan a ajiye, abin da ke cikinsa ma yana nan lafiya. Alhali hoton da muryar suna zaune ne a kan wani siririn shafe na garin maganaɗisu da aka manne a jikin zaren roba, kuma zafi da laima suna cin wannan mannin a hankali shekara bayan shekara. Abin da ya fi lalacewar zaren gaggawa shi ne ƙarewar na'urorin da ke karanta shi. Kamfanin Funai na ƙasar Japan, wanda shi ne na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar kallon kaset na VHS, ya daina a watan Yulin 2016, don haka duk wata na'ura da za a samu yau tsohuwa ce, bel ɗin robarta ya fara saki, kayan gyaranta kuma sai an ciro daga jikin wata matacciya.

Shawarar da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko ita ce ya ɗauki duk lokacin da zai kunna tsohon kaset a matsayin dama wadda mai yiwuwa ba za ta sake samuwa ba. Kada a sa kaset a na'ura don a ɗan leƙa abin da ke ciki kafin kayan kwafi su kammala, domin akwai kaset ɗin da zagaye ɗaya kawai ya rage masa.

Matakin farko shi ne gane irin kaset ɗin da ke hannunka, saboda kowane iri da na'urar da ke karanta shi. Babban kaset mai girman littafi shi ne VHS, wanda kamfanin JVC ya fito da shi a 1976, kuma a kansa ne masu ɗaukar bidiyon biki suka fi miƙa wa mutane aikinsu. Akwai ƙaninsa VHS-C na 1982, mai kauri amma gajere, wanda zarensa iri ɗaya ne da na babban, shi ya sa ake iya sa shi cikin wata adafta mai siffar babban kaset a kunna shi a na'urar VHS ta gida. Sai dangin zare mai faɗin milimita 8 na kamfanin Sony, wato Video8 na 1985, da Hi8 na 1989, da Digital8 na 1999, waɗanda kwansonsu kusan girman kaset ɗin rediyo ne. Ƙaramin cikinsu shi ne MiniDV na 1995, wanda bai fi kwalin ashana girma da yawa ba. Galibi sunan yana rubuce a jikin kwanson. A kula da wani abu da ke jawo wa mutane asarar kuɗi: babu adaftar da ke sa kaset mai milimita 8 ko MiniDV ya yi aiki a na'urar VHS, domin faɗin zaren da yadda aka rubuta hoton a kansa sun sha bamban, kuma duk mai sayarwar da ya ce yana da ita, adaftar VHS-C yake nuna maka.

Waɗannan nau'o'i sun kasu gida biyu, kuma rabuwar ce ke yanke hanyar da za a bi. A kan MiniDV da Digital8, an riga an rubuta hoton da lambobi irin na kwamfuta, saboda haka aikin bai wuce kwashe lambobin yadda suke ba tare da asarar komai ba. A kan VHS da VHS-C da Video8 da Hi8 kuwa, sigina ce irin ta tsohuwar talabijin, wadda sai an sami na'urar da za ta juya ta zuwa lambobi, kuma a wurin wannan juyin ne ake samun nagarta ko a rasa ta.

Akwai kuma batun tsarin talabijin. Najeriya da Ghana sun yi amfani da tsarin PAL, mai hotuna 25 a daƙiƙa da layuka 576 da ake gani, Amurka da Japan kuma da tsarin NTSC, mai hotuna kusan 30 da layuka 480, yayin da Nijar ta bi Faransa wajen tsarin SECAM. Wanda ɗan'uwansa ya aiko masa da kyamara daga Amurka a wancan lokaci, to kaset-kaset ɗinsa na NTSC ne, kuma idan aka kunna su a na'urar PAL zalla, ko dai hoton ya fito baƙi da fari yana birgima, ko kuma ya ƙi fitowa sam. Da yawa daga na'urorin VHS da aka shigo da su ta Dubai da Saudiyya masu karanta tsari da yawa ne, abin da ya sa suka fi amfani a wannan aiki.

Kafin a je ga na'ura, a duba kowane kaset da ido a wuri mai haske. Ta tagar robar da ke gabansa ana iya ganin naɗin zaren, kuma idan aka hangi wani farin abu kamar gari ko saƙar gizo a gefen naɗin, fumfuna ce, wadda laimar damina ke haifarwa a ɗakin da ba ya samun iska. Kaset mai fumfuna ba a sa shi a na'ura, saboda zai toshe kan da ke karanta hoto, sa'annan ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo bayansa. A ware shi a leda daban, a bar shi zuwa ƙarshe, a kai wa wanda ya iya buɗe kwanso ya goge zaren a hankali da ƙyalle mara gashi, yana sanye da takunkumi. Idan zaren ya tsinke, kada a haɗa shi da salatif na takarda, domin ƙaronsa yana narkewa ya manne a kan na'ura. Akwai siririn manni na musamman da ake haɗa zaren kaset da shi, kuma a bayan zaren ake liƙa shi. Daga nan sai a kulle kaset ɗin don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kansa. A kan VHS ana ɓalle ɗan harshen roba da ke gindinsa, a kan MiniDV da dangin milimita 8 kuma akwai ɗan maɓalli da ake turawa gefe. Wannan aikin daƙiƙa biyar ne, amma a jikin kyamara maɓallin ɗauka yana kusa da yatsa ƙwarai.

Na'urar da ta fi dacewa da kowane kaset ita ce kyamarar da ta ɗauke shi, idan tana raye. Dalili shi ne kowace kyamara tana da ɗan karkata nata wajen rubutu a kan zare, musamman idan an yi ɗaukar da tsarin LP, wanda ke rage gudun zaren domin kaset ɗin MiniDV na minti 60 ya ɗauki minti 90. Irin wannan kaset yakan fito tas a kyamarar da ta rubuta shi, a wata kuma hoton ya riƙa farfashewa. Idan ta mutu, sai a nemi wata a wurin tsofaffin masu ɗaukar bidiyon biki, ko masu gyaran rediyo da talabijin, ko masu sayar da kayan lantarki na hannu. A gwada duk na'urar da aka samu da wani kaset da ba a damu da shi ba, a kunna, a tura gaba, a mayar baya, a fitar, har sau da yawa, domin na'urar da ta shekara goma a ajiye takan tauna zare a karon farko. Idan hoton ya fito da yayyafi ko ratsi-ratsi, ƙila kan ne ya yi datti, musamman a ƙasarmu inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina, kuma gara a bai wa mai gyara ya wanke shi da giyar wanke lantarki da a goga masa auduga, wadda zarenta ke iya karya shi. A yi amfani da cajar da ke shiga soket, saboda batiran wancan zamani sun riga sun mutu ko suna gab da haka.

Ga masu MiniDV da Digital8, hanya ɗaya ce mai kyau, wato kebul ɗin FireWire, wanda sunansa na hukuma IEEE 1394, Sony kuma take rubuta i.LINK ko DV a jikin kafar. Kafar USB da ke jikin yawancin waɗannan kyamarori ta kwashe hotunan kati ce, ko kuma ta fitar da ƙaramin bidiyo mara kyau. Matsalar ita ce kwamfutocin yanzu ba su zuwa da kafar FireWire. Mafita mafi sauƙi ita ce a sami kwamfutar tebur a sanya mata katin FireWire a ciki, ko a nemo tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai kafar. Akwai wani kebul mai arha da ake sayarwa, bakinsa ɗaya USB ɗayan FireWire. Ba ya aiki, domin harshen da kafofin biyu ke magana da shi daban ne, kuma yana iya ƙona kafar kyamara. A kashe kyamara kafin a soka kebul, a tabbata bakin ya shiga daidai ba a juye ba, sa'annan a kunna ta a juya maɓallinta zuwa wurin da aka rubuta VCR ko PLAY. A kwamfuta mai Windows, ƙaramar manhajar WinDV ta kyauta ta isa, kuma tana iya sanya wa kowane fayil ranar da aka yi ɗaukar, saboda kyamarar tana rubuta rana da lokaci a cikin zaren. Kowace awa ɗaya tana cin wajen gigabayit 13. Wani alheri kuma shi ne da yawa daga kyamarorin Digital8, ko da yake ba duka ba, suna karanta tsofaffin Video8 da Hi8 su fitar da su ta FireWire, don haka wanda ya sami irinsu ya huta da sayen wata na'urar.

Aikin ya fi tsawo a kan VHS da 'yan'uwansa. Ana buƙatar ɗan akwatin kama bidiyo wanda ke karɓar wayoyin na'ura ta gefe ɗaya, ya shiga USB ta ɗaya gefen. Wayar rawaya ta hoto ce, ja da fara na sauti ne. Idan na'urar ko kyamarar tana da wata kafa zagayayyiya mai ƙananan ramuka huɗu da aka rubuta wa S-Video, kamar yadda ake samu a kyamarorin Hi8 da na'urorin S-VHS, wato ingantaccen nau'in VHS, a yi amfani da ita maimakon rawayar, domin tana raba haske da launi kowanne da hanyarsa, sai gefunan abubuwa su fito ba tare da ɗigo-ɗigon da ke rawa ba. Sauti ba ya bi ta cikinta, saboda haka ja da fara suna nan a wurinsu. A nan ne nake ba da shawarar kada a yi ƙwauron kuɗi. Mafi arhar waɗannan akwatuna sukan ƙona farin hoto, har babbar rigar ango ta zama farin fili mara aiki a jiki, kuma sukan zubar da hotuna a hanya, abin da ke sa murya da motsin baki su daina tafiya tare bayan an yi rabin awa. Haka nan a guji akwatunan da ke kumbura hoto zuwa girman talabijin ɗin zamani kafin su miƙa wa kwamfuta, domin ba su ƙara komai da babu shi a zaren, sai dai su ɓata abin da ke akwai.

Tsohon zare ba ya tafiya da gudu ɗaya, shi ya sa ake ganin saman hoto yana lanƙwasa ko layuka suna rawa kamar tuta. Tsohuwar talabijin tana haƙuri da wannan, akwatin kama bidiyo kuwa ba ya yi, sai ya riƙa yanke hoto. Maganinsa wata da'irar lantarki ce da ake kira TBC, wadda ke daidaita lokacin kowane layi kafin ya fita. Wasu kyamarorin Hi8 da Digital8 suna da ita a cikin jerin zaɓuɓɓukansu, sai a kunna. Ga VHS, masu wannan aiki sun daɗe suna ratsa sigina ta cikin wasu na'urorin ɗaukar DVD na Panasonic, irin su DMR-ES10 da DMR-ES15, waɗanda ke miƙar da layukan ba tare da an sa musu faifai ba. Kafin a fara, a gyara maɓallin da ke daidaita kai da zare har ratsin da ke ƙasan hoto ya ɓace ko ya ragu, a kuma kashe rubutun da na'ura ke nunawa a kan hoto, domin idan ya shiga kwafin ba ya fita.

Wajen manhaja, VirtualDub ita ce ta fi ba da iko a kan Windows, OBS Studio kuma ta fi sauƙin koyo amma sai an kula da saitinta. A saita girman hoto a kan 720 da 576 da hotuna 25 a daƙiƙa ga kaset ɗin PAL, ko 720 da 480 ga na NTSC, sautin kuma a bar shi ba a matse ba. Kwafin farko, wanda nake kira uwar kwafi, a adana shi da tsarin da ba ya zubar da komai, irin su HuffYUV ko Lagarith ko FFV1. Zai ci wuri, wajen gigabayit 30 zuwa 40 a awa, amma daga gare shi za a riƙa fitar da duk wani ƙaramin kwafi nan gaba ba tare da an sake taɓa kaset ba. A tabbata ma'adanar kwamfutar da ake zuba fayil ɗin a ciki ba a kan tsarin ajiyar fayil na FAT32 take ba, domin shi ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabayit 4; NTFS ko exFAT ake so.

Kwafi yana tafiya ne daidai da tsawon kaset, ba a iya gaggauta shi, don haka kaset ɗin VHS da aka rubuta wa E-180 awa uku cur zai ci. A tura shi har ƙarshe a mayar da shi farko sau ɗaya domin naɗin ya saki, a danna ɗauka a kwamfuta kafin a kunna kaset, a hana kwamfutar yin barci, a rufe sauran manhajoji. Ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki tana ɓata fayil, kuma tana iya barin zare a naɗe a jikin kan na'ura, saboda haka a haɗa kwamfutar da na'urar duka a kan inbata ko batirin UPS, kada a dogara da ƙaramin janareta mai hawa da sauka. A zauna kusa ana saurare. Da zarar an ji ƙara kamar ana murza leda, ko hoto ya daskare, a tsayar nan take. Kuma a bar kaset ya tafi har ƙarshe ko da shuɗin fili ya bayyana, domin mutanen wancan zamani sukan ƙara wata ɗauka bayan tazara. A ƙarshen kaset ɗin auren yayata, bayan minti kusan goma na shuɗin fili, na tarar da kakarmu zaune a tsakar gida tana sa wa jikoki albarka, kuma ita ce kaɗai muryarta da ta rage mana.

Wanda ba shi da kwamfuta zai iya haɗa na'urar kai tsaye da na'urar ɗaukar DVD, ya zaɓi saitin awa ɗaya ko biyu a kan faifai mai gigabayit 4.7. Hoton bai kai na hanyar farko ba, faifan kuma yana karcewa, don haka a kwashe abin da ke kansa zuwa wata ma'adana da wuri. Ɗaukar fuskar talabijin da waya sai idan babu wata dabara ko kaɗan.

Daga uwar kwafi ake fitar da na kallo. Manhajar HandBrake ta kyauta tana juya shi zuwa MP4 da tsarin H.264, wanda kowace waya da talabijin ke buɗewa, kuma awa ɗaya takan dawo gigabayit ɗaya zuwa biyu. Abubuwa biyu ne ke buƙatar kula. Tsohuwar talabijin tana zana kowane hoto ne a rabi biyu, layukan mara da na cika ɗaya bayan ɗaya, kuma a fuskar kwamfuta wannan yakan fito kamar haƙoran mataji a gefen duk abin da ke motsi. A kunna tacewar Bwdif ko Yadif, a zaɓi saitin da ke ba da hotuna 50 a daƙiƙa ga kaset ɗin PAL domin motsi ya zauna yadda ido ya saba. Na biyu, a bar fasalin hoto a kan 4:3. Baƙin fili a hagu da dama ba aibi ba ne, amma idan aka ja hoton ya cika faffaɗar fuska, kowa a bikin sai ya koma gajere mai faɗi.

Idan za a kai aikin shago, a tambaye su da wace na'ura suke aiki da irin fayil ɗin da za su bayar, a fara ba su kaset ɗaya a ga hannunsu, a kuma rubuta sunan gida a jikin kowane kaset. Akwai kuma maganar amana wadda na ɗauke ta da muhimmanci: kaset ɗin kamu da na cikin gida suna ɗauke da mata a yanayin da ba don idon baƙi aka ɗauka ba, wasunsu yanzu iyaye ne da kakanni, wasu sun rasu. A yi sharaɗi da mai shago ya goge kwafinsa a gabanka, kuma a nemi yardar waɗanda ke ciki kafin a tura ko da a zauren WhatsApp na dangi, domin abin da ya shiga waya goma ba ya dawowa. WhatsApp ɗin ma yana matse bidiyo ƙwarai, don haka abin da ya bi ta cikinsa ba ajiya ba ne.

Kowane fayil a sa masa suna mai farawa da shekara da wata, sa'annan abin da ya faru da garin da aka yi shi, a ɗauki hoton rubutun da ke jikin kaset a ajiye tare. A zauna da dattijan gida a kalla tare da su, ana tsayarwa ana rubuta sunayen mutanen da suka bayyana da mintin da suka fito, saboda nan da shekara ashirin babu mai iya cewa wane ne mai jar hula a bayan liman. Uwar kwafi a ajiye ta a ma'adana biyu na waje masu faifai, ɗaya a gidanka ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, kwafin kallo kuma a ɗora shi a ma'ajiyar intanet. Google Drive yana ba da gigabayit 15 kyauta. Filas na aljihu na kai wa mutane ne, ba a barinsa shekaru a durowa a matsayin ajiya. Sau ɗaya a shekara a jona ma'adanan a buɗe wasu fayiloli a tabbata suna aiki, bayan kamar shekara biyar kuma a kwashe su zuwa sababbi. Kaset-kaset ɗin kansu kada a zubar da su. A mayar da zarensu farko, a sa kowanne a gidansa, a jera su a tsaye kamar littattafai a ɗaki mafi sanyi da bushewa, nesa da lasifika da rufin kwano da bangon da ke jiƙewa da damina.